Wata Mata a Garinmu

Na auri ’yarta, matata ta haifa mata jikoki, na yi shekaru ina cin kantun riɗin da take yi na sayarwa, amma da a lokacin an jera mini tsofaffin garinmu an ce in nuna surukata ta fuska, da na sha kunya. Ƙafafunta na sani. Na san kaushin dugaduganta, na san bakin baƙin zanenta na saƙi wanda ta ƙi rabuwa da shi ko bayan da sauran mata suka koma yafa tobi irin na Larabawa. Daga gwiwa zuwa sama kuwa sai dai labari a bakin matata.

Haka muka taso muka tarar. A ƙauyenmu na Hausawan da hanyar hajji ta zaunar a cikin Larabawa, gabas da kogi, can gaba da Rufa’a, Hausa ta fara tsinkewa a bakin yara, tuwo ya fara matsa wa kisra, wainar dawar Larabawa, wuri a akushi, amma kunyar surukai ko gezau ba ta yi ba. Ba ta kiran sunana, “mai ɗinki” take cewa, don ni tela ne. Ba ta ci a gabana, ba ta sha, ni ma haka. In na je gaisuwa sai in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa a bayan zana, in gai da zana, zana ta amsa. In kuwa tsautsayi ya haɗa mu a gaɓar tur’a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, ita ta faɗa cikin auduga ta dama, ni in faɗa ta hagu. Akwai ranar da hagun babu auduga, ruwa ne, na kuwa shiga da sabon wandona.

A shekarun da ake ginin dam a Rusairis ciwo ya kama ta. Ta rame har awarwaronta na zare kansa ya faɗi a cikin turmi. Randa ba ta wuni da ruwa a ɗakinta. In ta ci abu mai maiƙo sai wani ciwo ya soke ta a ƙasan ƙirji ya ɓullo ta gadon baya, ta dunƙule a kan tabarma tana salati. Duk wannan a bakin matata nake ji. Ni in na tambaya ta bayan zana, amsa ɗaya ce: “Lahiya lau, mun gode Allah.”

An yi jiƙon bagaruwa, an yi hulba, wanzami ya kafa ƙaho, an sha rubutu har allo ya koɗe. Daga ƙarshe matata ta kai fitsarin uwar wurin ma’aikacin ɗakin magani na ƙauyen da ke kusa da mu. Ya zuba wani shuɗin ruwa a kwalba, ya ɗiga fitsarin, ya ɗora a wuta, abu ya koma ja jawur. Ya ce ciwon sukari ne, kuma ya yi nisa. Sukar da ke ƙirjinta kuwa ta fi ƙarfinsa, sai babban likitan ciki a birnin Madani. Ya ƙara da cewa in muka tsaya jan jiki, ba za ta ga ɗibar audugar bana ba.

Wa zai kai ta? Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta namiji guda yana can wurin aikin dam, ba wanda ya san ma sansanin da yake. Matata kuwa ta haihu a makon, tana ɗaki tana wankan jego. Aka duba gabas aka duba yamma, babu mai Larabcin shiga asibiti sai mai ɗinki. Ita tsohuwar tana da Larabcinta na kasuwa, wanda ya isa ta yi ciniki ta kuma zagi mai awon riɗi, amma bai kai na gaban likita ba.

Don a rage abin, aka haɗa mu da aminiyarta, wata tsohuwa mai daddawa, ta zama katanga tsakaninmu. Katangar ta raka mu har bakin kogi. Da ta ga bantun, jirgin ƙarfen da ke tsallakar da mutane, ta ga ana tura masa lori da raƙuma a kai, sai ta ja ta tsaya ta riƙe haɓa.

“Ƙarhe bisa ruwa? Da raƙuma? A’a, ku tahi, Allah shi kai ku lahiya. Ni na bar daddawa a rana.”

Ta juya ko waiwaye babu. Na tsaya ina kallon bayanta, ban taɓa jin wani ya yashe ni irin na ranar ba.

Muka tsallaka, ni a goshin jirgi ita a wutsiya. Muka hau lori, ni a kan buhunan gaba ita a na baya. Yini guda babu wanda ya sa ko ruwa a bakinsa, ga ta mai ciwon ƙishirwa. A Madani muka sauka a unguwar Hausawa, gidan ƙanen mahaifina. Na ɗauka na samo mata mata ’yan uwanta da za su raka ta gaban likita. Sai da muka shiga na tuna cewa kowa a gidan nan dangina ne, wato tun daga maigida har jaririn goye surukanta ne. Da matar gidan ta yi tayin rakiya, tsohuwa ta ce ai ba wani ciwo ba ne, ɗan sauyin ruwa ne. Suruki ɗaya ya ji asirinta ya fi mata sauƙi a kan gida guda.

Likitan wani dogo ne mai sanƙo, ya yi karatu a ƙasashen Turawa, yana magana yana ƙwanƙwasa alƙalami a tebur. Ya ce mata “ya Hajja”, abin ya yi mata daɗi, don aikin hajji ya fito da su daga ƙasar Sakkwato tana amarya, kogin nan ya tsare su har tsufa. Ta zauna a bakin kujera ta ja mayafi har haɓa. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina kallon takalmin likita.

Ya ce da ni da Larabci, “Tambaye ta, tana yawan fitsari?”

Gumi ya karyo mini. Na yi gyaran murya na ce wa ƙafar tebur, “Inna, hakim na tambaya, wai ko alwala na ɗan daɗewa.”

“Hwaɗa mai lahiya lau.”

“Ta ce lafiya lau.”

Likita ya dubi matar da iska za ta iya ɗauka, ya dube ni. “To, bayan gidanta fa? Wane launi ne? Yana da maiƙo? Yana wari fiye da da?”

Na ɗaga kai na dubi fankar da ke juyawa a sama. Na roƙi Allah ya sa ta tsinke ta faɗo a kaina, kowa ya huta. Ba ta faɗo ba.

“Inna, wai... ko ciki na zaune lahiya.”

“Lahiya lau. Hwaɗa mai ni rakiya niz zo.”

Na fassara, don ba ni da abin yi. Likita ya ajiye alƙalami. “Ya zol, kai bawan Allah, a cikinku wane ne marar lafiyar? Kai kana gumi, ita tana rakiya. Akwai mutane a waje tun asuba. In ba ta faɗa mini abin da take ji ba, me zan yi wa magani? Mayafin?”

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, “Surukata ce.”

Ya dube ni, ya dubi mayafin. Sai kuma ya kwashe da dariya har yana share ido. Ya ce su ma Larabawa suna girmama uwar mata, shi kansa ba ya shan sigari a gaban tasa, amma namu ya wuce girmamawa ya zama sana’a. Ya kira wata sista ta jawo labulen da ke kan ƙafafun ƙarfe ta gitta tsakaninmu. Ya sa na zauna a ƙasa, fuskata a bango. Zana dai ta samu. Aka sake tambaya, aka sake cewa lahiya lau.

Nan likita ya daina dariya. Ya ce, “Faɗa mata, ba da wasa ba. In ta fita ɗakin nan da lafiya lau ɗinta, da ita za ta shiga kabari.”

Ban fassara duka ba, kuma ba ta buƙaci fassara ba, ta ji kalmar kabari.  Ni a raina tsoro ne zalla. Na ga kaina na koma gida na tsaya a ƙofar mai jego ina cewa na kai uwarki har gaban likita, kunya ta hana a duba ta.

Can sai muryarta ta fito daga bayan labule, ba da ni take ba, da bango take.

“Akwai wata mata garinmu.”

Na jira.

“Ita matag ga, an ce ba ta kwana sai zagayawa. In ta sha ruwa awa ta zuba cikin rairai. In ta ci ƙosai kuwa sai ta ji an soka mata mashi nan, shi hito nan.”

Na ce wa likita, “Ta ce wai akwai wata mata a garinmu.”

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗauki alƙalaminsa. “Madalla. Tambaye ta bayan gidan wannan matar.”

Ai kuwa sai ga bayani, har da wanda ba a tambaya ba. Launi, maiƙo, wari, lokacin da abin ya fara, abin da ke tayar da shi, duk ta zayyana, tana yi tana cewa “haka anka hwaɗa mani”. Ni kuma ina juyawa da Larabci ina ƙidayar tsagar bango. Ban taɓa sanin wata mace a duniya irin sanin da na yi wa matar nan ta garinmu a wannan hantsin ba, har matata. Da aka gama likita ya ce, “To, a ce wa matar ta hau gado in taɓa cikinta, ta kuma miƙo hannu a ɗebi jini.” Na fita waje. Na ji ƙarar gado, matar ta hau.

Bayan an auna abin da za a auna, ya zana mana ciki a takarda. Ya ce akwai wani ɗan nama kwance a bayan tumbi, bankiriyas suke ce masa. Shi ke narkar da maiƙo, shi ke kuma tsare sukari kada ya yi yawa a jini. Nata ya kumbura ya gaji, ya saki aikin biyu gaba ɗaya. Na kwatanta mata da kayan cikin rago. Ta gane shi sarai, rabon mage ne a ranar yanka.

“Wanga ɗan hwarin da muka jehwa ma mussa? Shi za ya kashe mutum?”

Aka kwantar da ita ’yan kwanaki har ciwon ya lafa. Ranar sallama likita ya kira ni shi kaɗai. Ya ce ba mai, ba ƙosai, ba kantu, shayi kuma ba sukari. Allura kullum da safe a ɗakin maganinmu, har ƙarshen rai. Sannan ya kama hannun rigata ya ce in buɗe kunne. In an yi allurar dole ta ci abinci, ba jinkiri. In ba ta ci ba, allurar za ta cinye ɗan sukarin da ke jininta, ta yi gumi, ta yi rawar jiki, ta fara magana ba kai, daga nan sai suma, daga suma sai lahira. In na ga haka in ɗura mata sukari nan take.

Na ce, “Sukarin da ka hana?”

Ya ce, “Shi ɗin. Ka sa shi a aljihu kafin ka bar garin nan.”

Na fita ina mamakin ilimin da ke hana abu ya kuma ce a riƙe shi a aljihu. Na dai saya na ƙulle a ƙyalle.

Da safen aka yi mata allura aka kawo kisra da miya marar mai. Na ba da wuri na tafi neman mota don ta ci. Ashe ina fita matan gidan ƙanen mahaifina suka shigo sallama, suka kewaye gado. Surukai reras. Ta naɗe kisrar a bakin mayafi, wai sai an jima. A lori kuma direba ya cusa mu inda ya ga dama, ya dasa ni gaba da gaba da ita, gwiwa na gugar gwiwa. Na yi tafiyar nan duka ina kallon wani akuya da ke ɗaure a gefena. Ita tana kallon tafin hannunta, abincinta a ƙulle a cinyarta, ni ban sani ba.

Rana ta take tsaka muka iso bakin kogi, bantun yana wancan ƙetaren. Ta zauna a inuwar rumfar mai shayi, ni na koma can nesa na ba ta baya. Ina nan tsaye sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, da ƙarfi.

Na waiwaya ina neman wanda ya san ni a nan. Ita ce. Mayafi ya zame, tana kallona ido cikin ido. Ranar na fara ganin fuskar surukata. Tana da zane a kumatu da ’yar wushirya irin ta matata, gumi yana bin zanen yana ɗiga.

“Zo nan, kai nika kira! Wuyan rigad da kaɗ ɗinka ma jikana a karkace shi ke. Duk wuyan da kaɗ ɗinka garin ga a karkace shi ke, kowa na tahiya awa mai sanƙarau, an dai rasa mai hwaɗa maka!”

Masu jiran jirgi suka fara matsowa. Waɗanda ke jin Hausa suna fassara wa waɗanda ba sa ji.

“Kuma na san kai ka cinye kantun da nika aiko ma yara! Rad da kaz zo neman ɗiyata ni nic ce ma ubanta, wanga dogon banza mi za a yi da shi? Ɗiyata dai ba ta rame ba hannunka, wanga na ba ka. Amma wuya, wuya a karkace!”

Aka fashe da dariya. Wata Balarabiya ta ce aljanu ne, a kawo turare. Ni ban yi dariya ba, jikina ya yi sanyi tun daga kiran sunan. Matar da ta gwammace ta wuni da ƙishirwa a kan ta sha ruwa a gabana ba za ta kira sunana tana cikin hayyacinta ba. Hannunta na karkarwa, maganar ta fara lauyewa a bakinta, sai ta sulale gefe.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na fizge kofi a hannun mai shayi, na kwance ƙyallen na juye sukarin, na dama da yatsa. Na tallafo kanta a kan hannuna. Kai ne marar nauyi, kamar na yaro. Haƙora sun dantse. Na shafa mata sukarin a dasashi, ina ɗiga ruwan kaɗan kaɗan ta gefen baki, ina cewa, “Inna, haɗiye. Don Allah, Inna, haɗiye.” Ina kuka, ban ɓoye ba, a gaban raƙuma da kowa.

Maƙogwaro ya motsa. Ya sake motsawa. Na ci gaba da ɗurawa har gumin ya tsaya, numfashi ya daidaita. Ta buɗe ido. Ta ga rumfa, ta ga taron jama’a, ta ga kanta a hannun mai ɗinki, bakinta dumu-dumu da sukari, yatsansa a kan leɓenta.

Ta mayar da ido ta rufe.

Na san ta farfaɗo, ita ma ta san na sani. Amma wannan suma ta biyu ba ta da magani a aljihuna. Mata suka ɗauke ta suka shimfiɗa a kan buhunan albasa cikin jirgi, suka rufa mata mayafi. Da suna gyara mayafin ne ƙullin kisra ya faɗo, na gane abin da ya faru. Na ɗauka na ajiye kusa da hannunta, na zauna na ba ta baya, na fuskanci ruwa. Da muka kai tsakiyar kogi na ce wa kogin, “In da mai ganin matar nan ta garinmu, hakim ya ce ta ci abinci, in ba haka ba abin na dawowa.”

Kogi bai amsa ba. Jim kaɗan na ji motsi a bayana, sumammiya tana tauna.

Ba mu taɓa tayar da zancen bakin kogi ba, ko ga matata ban faɗa ba sai bayan shekaru. Ta ga ɗibar audugar bana, ta ga ta baɗi, ta ga yaye da kaciyar jikan da aka haifa a makon tafiyarmu. Ta bar yin kantu, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Kullum da safe na kan durƙusa a bayan zana in gai da ita, ta ce lahiya lau. Sannan in ce, “Yaya matar nan ta kwana?” Sai in ji gaskiya: ta yi jiri jiya, ƙafarta na mata zugi, ta saci ɗan ƙosai ta kuma ji a jikinta. Da wannan muke komawa Madani lokaci lokaci, likita yana ganinmu zai ce a jawo labule, ya tambayi lafiyar matar garinmu.

A ciwonta na ƙarshe allura ta daina yi mata komai. Wata safiya na durƙusa na tambayi matar. Sai muryar ta fito siririya.

“Ta ce ka shigo.”

Na dubi matata da ke tsaye da ƙwaryar kunu. Ta miƙo mini ƙwaryar tana share ido. Na shiga ɗakin da ban taɓa takawa ba, na durƙusa a gaban gado ina kallon ƙasa.

“Ɗago kanka, ai ka riga ka gani. Ba ni kunun, ɗiyag ga hannunta na rawa.”

Na tallafo kanta kamar wancan karon, na kai ludayi bakinta. Ta sha, idonta a buɗe a kan fuskata. Ta sha na biyu. Sannan ta ɗaga hannu da ƙyar ta kama wuyan rigata, wadda na ɗinka da kaina, ta ja shi ta daidaita mini a kafaɗa.

“Har yau a karkace,” in ji ta.